Sa'ad da Barci Ya Ƙi Zuwa

Karatunmu na yau yana cikin 1 Sarakuna sura 19, aya 1 zuwa 8.

Wata uwa ta same mu bayan sujada, ta ce shekara biyu ke nan ba ta yi barcin kirki ba. Takan kwanta, idonta biyu har carar zakara. Ta sha saiwoyi, ta yi azumi. Abin da ya sa ta kuka shi ne, wata 'yar'uwa ta ce mata da tana da bangaskiya, da ta yi barci.

'Yan'uwa, mu daina faɗin haka. Ayuba, wanda Allah da kansa ya shaida amincinsa, ya kwana yana juye-juye har gari ya waye. Bulus ma ya lissafta rashin barci cikin wahalolinsa, a 2 Korantiyawa 11.

Mu dubi Iliya. Yezebel ta yi rantsuwa za ta kashe shi, ya gudu jeji, ya gaji har ya roƙi mutuwa. Me Ubangiji ya yi? Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga waina da tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya sāke kwanciya. Sai bayan kwana arba'in, a Horeb, Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi. Allah ya fara da jikin bawansa, domin shi ya halicce shi.

Mu ma sai mu lura da jiki. Likitoci sun ce idan barci yana ƙi dare uku a mako har wata uku, ya zama ciwo. Wani lokaci tushensa ciwon suga ne mai tashin mutum fitsari, ko ciwon gaɓoɓi, ko baƙin ciki, ko tsoron da ya rage a zuciya bayan rikici ya kori mutum daga gidansa. Irin wannan sai asibiti.

Goro, Nescafé da shayi sukan daɗe suna aiki a jiki, a bar su tun azahar. Burukutu yakan kwantar da mutum da wuri, ya tashe shi tsakar dare. Amma inda muka fi jin tsoro shi ne kemis. Ƙwayar Valium takan taimaka 'yan kwanaki, daga baya jiki ya saba, ɗaya ta koma biyu. Kada a saya ba takardar likita. Wanda kuma ya daɗe yana sha, kada ya daina rana ɗaya. Likita ne zai rage masa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi ƙwaya amfani yana bukatar haƙuri na makonni. A tashi lokaci ɗaya kowace safiya, ko da daren bai yi daɗi ba. A rage barcin rana. In an kwanta kamar minti ashirin barci bai zo ba, a sauka daga gado, a zauna da ƙaramar fitila, a karanta Zabura, sai gyangyaɗi ya zo a koma. Maigida, kada ka yi wa matarka faɗa don ka ji motsinta.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ga 'ya'yanka da za su kwana ido biyu yau. Ka zauna tare da su, ka kai su wurin masu taimako. Cikin sunan Yesu, Amin.