Gurbin da Aka Bari Fayau a Fom na Intanet



Bahaushe ya bambanta "babu" da "ban sani ba", ya kuma bambanta su duka da yin shiru. Akawun da ke karɓar takarda a hannu yakan gane wanne ake nufi, domin kuwa yana iya ɗaga kai ya tambaya. Kwamfuta ba ta da wannan dama. Idan mutum ya cike fom a intanet ya bar wani gurbi fayau, sai mai tsara manhaja ya yanke mata hukuncin abin da za ta rubuta a madadinsa, wato amsar ko-ta-kwana.

A bisa ƙa'idar HTML, gurbin rubutu da aka bari fayau yakan isa da sunansa, amma ba kome a cikinsa. Shi kuwa ɗan akwatin da ake sa wa alama, in ba a taɓa shi ba, ko sunansa ba ya isa. Django, ginshiƙin gina shafukan intanet da ya fito a 2005, ya kula da wannan bambanci. Tun daga 2016, ba ya ɗauko amsar ko-ta-kwana sai gurbin bai iso ba sam. In ya iso fayau, ya ɗauka da gangan aka bar shi. Akwatin alama na cikin waɗanda aka ware, shirunsa "a'a" ne. Laravel kuwa, daga 2017, yakan mai da gurbi fayau ya zama alamar "ba a bayar ba". Wannan ya fi sifili gaskiya nesa ba kusa ba.

Haɗarin sifili ya fi fitowa a ranar haihuwa. Kwamfutoci da yawa suna ƙidayar lokaci da daƙiƙa daga 1 ga Janairu, 1970, saboda haka sifili a wannan gurbi ranar nan yake nufi. Ma'aikacin gwamnatin tarayya a Nijeriya yakan yi ritaya ne in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki. To, a ce an haifi mutum a 1985, ya tsallake gurbin, manhaja ta cike masa da sifili: rajista za ta sallame shi a 2030, alhali da sauransa shekara 15. Babu kuma wata alama a rajistar da za ta nuna cewa ba shi ya rubuta ranar ba, balle jami'in fansho ya yi shakka ya nemi takardar haihuwa.