Lissafin Nono: Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Kudancin Kano

Maganarmu ta yau a kan nono ce, watau wa ya fi cin ribarsa, mai 'yan shanu ko mai babban garke.

Mu fara da Bafillacen ruga, irin na gefen dajin Falgore a ƙasar Doguwa da Tudun Wada. Farar saniyarsa ba ta cika wuce lita ɗaya ko biyu a yini ba, bayan maraƙi ya sha rabonsa. Amma ba ya sayen ciyawa, ba ya biyan ɗan kiwo, gama 'ya'yansa ke korawa. Ƙwarya kuwa ta matarsa ce, ita ke kaɗawa ta fid da mai, ta kai nono kasuwa. Abin da ta samo kusan duk riba ne. Aibin ɗaya ne: da damina nono ya yi yawa ya faɗi, da rani ya yi tsada shanu kuwa sun ƙafe.

Wanda ya ɗaure barbarar shanun Turai goma a gona, a ganina shi ya fi kowa shiga hatsari. Saniyarsa ta ninka ta ruga nono, amma kullum sai dusa da ƙulin auduga da harawa da magani, ko tana tatsuwa ko ba ta yi. Madara kuwa ba ta kwana sai da sanyi. Kuɗin tankin sanyaya da injin wuta da mota ba su san yawan shanu ba. Mai ɗari ya raba su kan ɗari, mai goma kan goma, saboda haka litar mai goma ta fi tsada. Na Bebeji dai suna da sauƙi, ga ruwan madatsar Tiga tun 1974, ga Kano kusa.

Maganin ƙanana shi ne tarayya, watau ruga talatin ko arba'in su kai madara tanki guda, kamfani ya aiko mota. Wurin zama irin na dajin Ɗansoshiya a Kiru, wanda gwamnatin jiha ta ƙaddamar ga makiyaya cikin 2020, nan irin wannan ya fi sauƙi, don ba a kafa tanki ga wanda zai tashi gobe.

Roƙonmu biyu ne. Hakimai su tsare burtali da mashaya kada a nome su. Malamai kuma su ƙidaya shanun tatsa na ko wace ruga, damina da rani. Wannan ƙidaya ba ta haraji ba ce, ko da yake sai kun yi ta faɗa wa ardo haka kafin ya yarda.