Alamun Da Ke Bayan Jariri: Jawabi Ga Iyaye Da Ungozoma

Maganarmu ta yau ta shafi iyaye, da ungozoma, da wanzamai, da duk mai wanke jariri.

Ku sani, cikin ƙashin gadon baya akwai laka, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa. Daga gare ta jijiyoyin da ke aikin ƙafafu, da riƙe fitsari da bayan gida, suka fito. Ita da fata asalinsu ɗaya ne, suna rabuwa wajen kwana 28 da shigar ciki. In rabuwar ba ta cika ba, laka takan sami naƙasa a ɓoye, fata kuma ta nuna shaida a waje.

Saboda haka, ran da aka haihu, a kifa jariri bisa cinya, a dubi tsakiyar bayansa da haske, tun ba ma tsatso ba. Ga abubuwan da za a lura da su: tsiron gashi wuri guda, ƙullutu mai taushi kamar kitse, jan tabo, tsiron nama kamar wutsiya, tsagar ɗuwawu karkatacciya, ko rami mai zurfi wanda ya ɗara santimita 2 da rabi bisa dubura. In alamu biyu suka haɗu, abin ya fi nauyi.

Kada hankali ya tashi don shuɗin tabon nan da jarirai da yawa ke zuwa da shi a ɗuwawu, ba ciwo ba ne, yakan dushe da kansa.

Haɗarin shi ne, wani lokaci laka takan manne daga ƙasa. Yaro yana tsawo tana ɗamewa, har ƙafa ta raunana, ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Rami kuwa yakan zama hanyar ƙwayoyin cuta, su kai ga laka, su haddasa sanƙarau.

Don haka kada a yanke tsiron, kada a yi sakiya ko tsaga, kada a zura kome cikin ramin. A kai jariri asibiti, ko da lafiya lau yake wutsil-wutsil. Kafin wata 3 ko 4 ƙashi bai yi ƙwari ba, likita na iya ganin laka da na'urar da ake duba masu ciki. Bayan nan sai hoton MRI. In an gane da wuri, aikin tiyata yakan tsare yaro daga naƙasa, amma jijiyar da ta riga ta lalace da wuya ta komo daidai.

Wanda ya ji ya gaya wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana zuriya. Wassalam.