Amsoshin Tambayoyinku: Shin Da Gaske An Samo Maganin Sikila?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a garin Taloka, can yankin Goronyo cikin Jihar Sakkwato. Ya ce 'ya'yansa biyu suna fama da ciwon sikila, wato amosanin jini, ya kuma ji ana cewa an samo magani a ƙasar Turawa. Yana son a faɗa masa ko gaskiya ne, da wanda ya gano shi, da kuma ko talaka zai iya samunsa.

To Malam, Allah ya ba yara lafiya. Abin da ka ji gaskiya ne, amma da sauran bayani.

Shi ciwon sikila gadonsa ake yi daga uwa da uba. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna hamogulobin, wanda ke ɗaukar iskar da muke shaƙa ya rarraba ta cikin jiki. Ga mai sikila, sinadarin nan yakan sa ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon gaɓoɓi da ƙasusuwa ke tasowa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2006 ta nuna ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara.

Tun a 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa ciwon ba ya nunawa ga jaririn da aka haifa sai bayan 'yan watanni. Dalili kuwa, ɗan tayi yana da nasa irin hamogulobin wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini. Bayan haihuwa sai jiki ya daina yin wannan, ya koma yin irin na manya. Masana suka ce, ashe in an gano makunnin da ke kashe na jarirai, a hana shi aiki, an gama da ciwon.

Mutumin da ya ƙarar da rayuwar aikinsa wajen neman makunnin nan shi ne Farfesa Stuart Orkin, likitan jini na Jami'ar Harvard da Asibitin Yara na birnin Bostan, wanda aka haifa a 1946. A 2007 wata masaniya 'yar asalin Malesiya, Swee Lay Thein, da ke aiki a Landan a lokacin, ta nuna alaƙar wata ƙwayar gado mai suna BCL11A da yawan hamogulobin na jarirai. A 2008 Orkin da ɗalibansa suka tabbatar cewa ita ce makunnin. A 2011 suka kashe ta a jikin ɓeraye masu sikila, ɓerayen suka warke. Ka ga Malam, shekara 60 ke nan tsakanin lura da abu da gano sirrinsa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Saura almakashin da za a yi aikin da shi a jikin mutum. Wannan ya samu a 2012, lokacin da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka fito da dabarar CRISPR ta yanke ƙwayar gado daidai inda ake so. A 2019 aka fara gwada ta ga wata mai sikila, Victoria Gray. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin, sunansa Casgevy. Cikin mutum 31 da aka bi diddiginsu a gwaji, 29 sun yi aƙalla shekara guda ciwon bai tayar musu da tsanani ba.

Sai dai fa ba ƙwaya ba ce da ake haɗiya. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke yin jini a ɓargon majinyaci, a gyara su, a ba shi magani mai ƙarfi ya share tsohon ɓargon, sa'an nan a mayar masa da gyararrun. Yakan yi makonni a asibiti, kuma wancan magani mai ƙarfi yana iya hana haihuwa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2 ne da dubu 200. Don haka kada wani ya zo maka da kwalba ya ce shi ne, ka sayar da shanunka ko gonar fadama.

To me za ka yi yanzu? Ka kai yaran Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka tambayi likitocin jini game da haidiroksiyuriya. Ƙwaya ce da ake samu a Nijeriya, ita ma tana ƙara hamogulobin na jarirai, tana rage tashin ciwo, amma sai da kulawar likita. A riƙa ba su ruwa da yawa, musamman da bazara, a rufe musu jiki da hunturu, su kwana cikin gidan sauro, don sauron fadama da na madatsar ruwan Goronyo ba abin wasa ba ne ga mai sikila.

Ku kuma samari da 'yammata, a yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. In mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da sikila.

Da fatan Malam ya gamsu. Sai kuma mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.