Jawabi kan murar tsuntsaye: me ya sa take canza hali?



Manya daga cikinku ba su manta da shekarar 2006 ba. A watan Fabrairu na wannan shekara aka gano murar tsuntsaye a jihar Kaduna ta Najeriya. Watan bai ƙare ba aka tabbatar da ita a nan Magarya, a jikin agwagi. Nan ta fara ɓulla a ƙasar Nijar. Sunan ƙwayar H5N1. An fara ganin kakarta a ƙasar Sin, a jikin dinya, a 1996.

To, ina ta samo wannan ƙarfi?

Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. Idan ta shiga jikin tsuntsu, sai ta yi ta kwafar kanta. Amma ba ta iya kwafa ba. Kun san yadda ɗalibi ke kuskuren baƙi guda a allo, "kaza" ta koma "kasa". Haka take yi kullum.

Asalinta tsuntsayen ruwa ke ɗauke da ita. Mai sauƙin tana da mabuɗi na ɗaki biyu kaɗai: hanyar numfashi da hanji. Idan ta daɗe tana yawo cikin kaji, wata rana kuskuren ya faɗa kan mabuɗin. Sai ya buɗe ko wane ɗaki: zuciya, hanta, ƙwaƙwalwa. Kaza ta kwana lafiya, kwana biyu ta mutu, tukku ya yi baƙi.

Akwai hanya ta biyu. Gadon ƙwayar kashi 8 ne. Idan iri biyu suka haɗu a jikin tsuntsu ɗaya, sai su yi musayar kashi, a sami sabon iri. A ganina nan ne sakacinmu yake. Agwagwa na iya ɗauke da cutar tana kiwonta lafiya lau, mu kuwa kasko guda muke ba su ruwa da kaji.

Mutum ma tana kama shi. A Hong Kong, a 1997, ta kama mutum 18, 6 suka rasu.

Mutanen Magarya da Dungas, kasuwanninmu haɗe suke da na Najeriya. Kazar da kuka sayo, ku ware ta mako biyu. Ku raba wa agwagi makwanci da kaskon ruwa. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa, kada ku yanka, kada yara su taɓa. Ku gaya wa ma'aikacin kiwo a ranar.