Yaranmu da Gasar Ƙwallon Unguwa: Jawabin Sakataren Ƙungiya a Taron Iyaye, Agege

 

Kwamiti ya umarce mu da mu yi wa jama'a bayani a kan gasar ƙwallon ƙafa da samarinmu suke shiryawa duk Sallah. Ba mu zo hana ƙwallo ba. Ƙwallo ta raba yara da yawa da zaman tasha da shan ƙwaya, kuma a fili ne 'ya'yanmu suke yin abota da 'ya'yan Yarbawa da na Ibo. Abin da ya tara mu shi ne yadda ake haɗa 'yan wasan. Ku karɓi takardar sunayen kowane kulob, za ku ga yaro ɗan shekara 13 a layi ɗaya da magidanci mai shekara 30. Tare suke atisaye bayan La'asar har duhu ya shiga, tare suke canza kaya a bayan shago, tare suke shiga mota zuwa wasa a Idi-Araba ko Shagamu, wani lokaci har a kwana. A lokacin uba yana kasuwa ko yana mayankar Oko-Oba, uwa tana cikin gida.

Yawancin manyan nan mutanen kirki ne, da kuɗin aljihunsu suke sayen ƙwallo da riguna. Amma mai son lalata da yara irin wannan wuri yake nema, kuma ba ya farawa da mugunta. Yakan fara da sayen takalmin ƙwallo, da kuɗin mota, da katin waya. Ya riƙa yabon yaro a gaban sa'o'insa, ya ce shi ne zai kai shi Turai. Ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe da iyaye, uba ya ji daɗi ya ce, "Ga amana nan." Daga nan sai saƙon waya cikin dare, sai "zo ɗakina ka karɓi riga", sai "kada ka gaya wa kowa". Ranar da yaro ya so ya ƙi, sai a yi masa barazanar cire shi daga wasa, ko a ce za a tona masa asiri a gida. A kan maganar Turai kuwa, ku sani dokar FIFA ta hana a kai ɗan wasa wani kulob a wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, in ban da wasu dalilai ƙalilan. Duk wanda ya yi wa ɗan shekara 14 wannan alkawari, a tambaye shi abin da yake nufi.

Kada mu ce abin na mata ne kawai. A Ingila, a shekarar 2016, wani tsohon ɗan wasa mai suna Andy Woodward ya fito ya faɗi abin da kocinsa Barry Bennell ya yi masa yana yaro. Bayansa ɗaruruwan maza suka yi magana a kan koci-koci daban-daban, a 2018 kuma kotu ta ɗaure Bennell shekara 30. Mutanen nan sun yi shekaru da dama suna haɗiye abin saboda kunya. Idan haka ta faru a inda ake da ofisoshi da takardu, ina ga filin unguwa da ba mai tambayar kowa daga ina ya fito?

Yanzu ga wurin da ya fi ciwo. Mu mazauna kudu muna da ɗabi'ar rufa asiri. Idan abu ya faru sai mu ce mu baƙi ne, kada sunan Hausawa ya ɓaci, kada a kai mu wurin 'yan sanda a ci mana mutunci. Sai a zauna a zaure a yi sulhu, a ba da kuɗin magani, a sa mutumin a mota ya koma Arewa ko ya sauya zango. Can kuma ya sami wani fili da wasu yara. Har akwai masu cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a yi wa yaro wannan karin magana. Sulhu yana da wurinsa, a rikicin bashi da na haya da na maƙwabta, kuma fadar Sarki ta daɗe tana kashe mana irin wannan wuta. Lalata da yaro babban laifi ne, hukuncinsa yana hannun kotu.

Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Sashe na 31 ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro, kuma ya ce ba hujja ba ce mutum ya ce yaron ya yarda, ko ya ce ya zaci ya girma. Sashe na 32 ya tanadi shekara 14 ga sauran nau'o'in lalata. Jihar Legas ta yi tata dokar a 2007. Babu inda aka rubuta cewa dokar ta 'yan asalin jiha ce kaɗai. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba mu 'yancin zama a ko'ina cikin Nijeriya, sashe na 42 ya hana a nuna mana bambanci saboda ƙabila ko asali. Yaron da aka haifa a Agege, da almajirin da aka kawo jiya daga Katsina, da yaro mai tura baro wanda ba shi da kowa a nan, duk dokar ta rufe su. Waɗannan na baya ma su muka fi ji wa tsoro, domin ba su da uban da zai tambaya ina suka kwana.

Saboda haka kwamiti ya yanke cewa daga gasa mai zuwa 'yan ƙasa da shekara 18 za su sami nasu rukuni. Kulob ɗin da ya ga dole ya sa yaro cikin manya, sai uba ko mai riƙonsa ya zo da kansa ya sa hannu ko ya dangwala. Babba ba zai keɓe da yaro ba, a ɗaki ne ko a mota ko a waya. Saƙon atisaye ya bi ta wayar uba ko uwa. Kyauta a ba da ita a gaban jama'a. Ba tafiyar kwana sai da dattawa biyu da iyaye suka zaɓa, kuma yara su kwana daban. Koci kuma, wanda bai kawo mutum biyu da suka san shi a inda ya zauna a da ba, ba zai riƙe mana yara ba, ko da shi ya sayi kofin.

Iyayenmu mata, ku kuka fi saurin gani. Yaro mai son ƙwallo ya daina zuwa fili ba dalili, ko ya shigo da waya ko kuɗin da ba ku san tushensu ba, ko ya riƙa firgita in an ambaci wani, ku ja shi a hankali ku tambaya. In ya yi magana, kada a doke shi, kada a ce ƙarya yake yi, kada a tara masa mutane. Kada kuma samari su ɗauki doka a hannunsu, domin duka yakan lalata shari'a, ya mai da mai ƙara wanda ake tuhuma.

A kai yaro asibiti nan take, kada a tsaya wanka ko wanke tufafin da ke jikinsa. Maganin rigakafin ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na jiha a Ikeja, wadda aka buɗe a 2013, tana duba irin waɗannan yara kyauta, maza da mata. Daga nan a kai ƙara wurin 'yan sanda, ko hukumar jiha mai kula da fyaɗe da cin zarafi a gida, wato DSVA, ita ma a Ikeja take. Wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci, ko yake tsoron zuwa shi kaɗai, ƙungiya za ta ba shi ɗan rakiya, mace ta raka mace, kuma sunan yaro ba zai shiga littafin taronmu ba.

Takardar waɗannan ƙa'idoji tana ofis da boko da ajami. Ɗalibanmu na ajin yaƙi da jahilci za su karanta wa duk wanda ya nema bayan sallar Isha'i. Shugabannin kulob su kawo sunayen 'yan wasansu da shekarunsu kafin a buɗe rajista.