Nauyin Filawil da Aikin Injin a Fadamar Haɗejiya



Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin injin casar shinkafa a Haɗejiya ya san wannan sauti: a zuba shanshera da yawa lokaci guda, injin ya yi nishi kamar zai mutu, sai kuma ya farfaɗo. Abin da ya tsallakar da shi shi ne faifan ƙarfen nan mai nauyi da makanikai ke kira filawil.

Irin wannan injin mai silinda ɗaya sau ɗaya yake ƙona mai a kowane juyi biyu. A sauran lokacin fistin ba ya ba da ƙarfi, ci ma yake yi, musamman wajen matse iska. Filawil ne yake karɓar ƙarfin bugu ɗayan nan ya riƙe, ya riƙa sakinsa har bugu na gaba ya zo. Mu da muke zaune a bakin kogi mun san irin wannan aiki, domin haka fadama take shanye ambaliyar damina, ta shayar da mu da rani. Fadama ba ta ƙirƙirar ruwa, shi ma filawil ba ya ƙara wa injin ƙarfi ko kaɗan. Ajiya kawai yake yi.

Wannan ajiya ba ga nauyi kaɗai ta dogara ba. Nauyin da ke bakin faifai ya fi na tsakiya amfani nesa ba kusa ba, kuma idan gudu ya ninka biyu, ajiyar ninkawa huɗu take yi. Tsohon injin Lista na Ingila mai ƙarfin doki 6 yana juyi 650 a minti, shi ya sa aka ɗora masa manyan faifai biyu. Ƙaramin injin ban ruwa na fetur da manoman Auyo da Kirikasamma ke ɗauka a babur kuwa yana kai juyi 3,600. Faifai guda a wannan gudu zai riƙe kusan ninki 30 na abin da zai riƙe a gudun Lista, don haka ɗan ƙarami ya ishe shi. Ga shi kuma jan ruwa aiki ne mai tafiya bai ɗaya, ba kamar niƙa da casa ba, inda kaya ke zuwa a dunƙule.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake sare filawil wai don injin ya yi saurin tashi, ko a ɗauko na wani injin daga 'yan gwangwan a ɗaura. Saurin tashin zai samu, amma injin zai riƙa karkarwa, yana cin bel, yana mutuwa da an loda masa kaya. Faifan da ya tsage kuma aka yi masa walda yana iya tarwatsewa a kan gudu, alhali yara na tsaye da kwanukan niƙa.

Ina roƙon iyayen gidanmu makanikai, ku bar wa kowane injin filawil ɗin da ya zo da shi, wanda ya tsage kuma a sauya shi.